Kurakuran da masu gida a Jos ke ta maimaitawa a aikin wuta

Da zarar sanyin Jos ya kankama a Disamba, labaran sai su dawo iri ɗaya: soket ya narke a gidan wane, silin ya kama a gidan wance, hita ta ja yarinya a banɗaki. A ce tsautsayi ne, ko a tsine wa NEPA, alhali NEPA ta sauya suna tun 2005, kuma tun 2013 kamfanin JED ne ke raba wuta a Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Ko ma waye ke rabawa, hurumin kamfani a mita ya tsaya. Daga mita zuwa kuryar ɗaki kai ne da wanda ka ɗauko ya yi maka wayarin, kuma yawancin ɓarnar a nan take. Bakina ya gaji da faɗa wa sababbin masu gini da 'yan haya, gara in rubuta.

Kuskuren farko a wajen zaɓen mai aikin yake. Yaro ya yi 'yan watanni yana riƙe wa ogansa tsani, ya sayi filaya da testa, shi ke nan ya zama injiniya. Ya haɗa, ya danna makunni, kwai ya kawo haske, ya ce maka, "Alhaji, ga shi nan ta kama." To kamawar kwai ba ta nuna komai, ko da wayar rediyo aka ja sai ya kama. Akwai hukumar NEMSA da doka ta kafa a 2015, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce a nuna maka. Ni dai ban tsaya a takarda ba. Nakan ce ya kai ni gidan da ya yi wa aiki shekarun baya, in gaisa da mai gidan, in tambaye shi sau nawa aka dawo gyara. Sannan in leƙa jakarsa. Wanda ba shi da na'urar awon wuta sai testa mai ɗan kwai a gindi, lalube yake yi. Kada kuma ka dogara da mai shagon kayan wuta ya zaɓa maka, wanda ke kawo masa ciniki zai turo.

Na biyu shi ne ya ci mini kuɗi, kuma har yau in na tuna raina yakan ɓaci: a dunƙule kuɗin kaya da na aiki a miƙa wa mutum ɗaya. Lokacin da na yi ɗakunan haya a Rikkos haka aka yi, na ga kwalaye da naɗin waya an rubuta 2.5 ɓaro-ɓaro, wato lambar kaurin wayar, na koma harkata. Sanyi na shigowa 'yan haya suka fara jona hita da dutsen guga, sai wani wari ya riƙa tashi daga bango, irin na robar da ta sha zafi. Da wani dattijon mai aiki ya buɗe soket, rigar wayar ta yi baƙi tana farfashewa a hannu. Ya zaro wuƙa ya kankare silin wayar, jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ya dube ni ya ce, "Maigida, wannan ko fanka na tausaya wa." Da na tare wanda ya yi aikin, budar bakinsa sai cewa ya yi ai duk waya waya ce. Wasu wuraren ma ko fayif bai sa ba, a cikin filasta ya binne ta, sai da aka farfasa bangon da aka gama yi wa fenti.

Waya ba duka ɗaya ba ce. Alminiyom bai kai kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka ba, ga shi yana saki a bakin noti, in ya saki ya yi zafi, in ya yi zafi ya ƙara saki. Tun daga nan ni nake zuwa sayen waya da ƙafata, mai aiki ya rubuta abin da yake so ya biyo ni. Nakan kankare bakinta, in kuma kunna wa sili ɗaya ashana: na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na jabu sai ya lanƙwashe ya zube. Naɗin da aka ce mita 100 ne, ɗaga shi ka ji nauyinsa kusa da wani. Wayoyin da ake yi a nan gida, irin su Cutix da Coleman da Nigerchin, sun yi suna, shi ya sa ma ake buga sunansu a jikin jabu, don haka wurin dila na gaskiya za ka. Kaurin wayar fitilu 1.5, na soket 2.5, hitar wanka ta bango da kukar girki da AC kowanne layinsa daban tun daga allon bireka, 4 ko 6 gwargwadon ƙarfin abin. Araha ba ta ado, ballantana a abin da za a rufe da siminti.

Na uku ya fi ba ni haushi, don da gangan ake yin sa. Bireka na yawan faɗuwa, sai a kira mai gyara, shi kuma ya cire mai amfiya 20 ya sa mai 63, ko ya nannaɗa wa fis ɗin katawut silin waya har ya yi kauri, ya karɓi kuɗinsa, kowa na murna an huta. Haba jama'a! Bireka ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi: tana yanke wuta kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafin da zai cinye rigarta. Ka sa wadda ta fi ƙarfin wayar, ka mayar da wayar ita ce fis, kuma a cikin silin za ta ƙone, kusa da katako, da tsakar dare. In bireka ta faɗi, nemo abin da ya kayar da ita, ko kaya sun yi wa layin yawa, ko wani wuri ya haɗe.

Ita kanta birekar waya take karewa, ba mutum ba. Wutar da za ta tsayar da zuciya ba ta kai ko kusa da amfiya ɗaya ba, bireka ba za ta ma san an yi ba. Mai ceton rai ita ce wadda ake kira RCD, ta miliamfiya 30, mai ɗan maɓallin gwaji a gaba. Ni farkon wata nake danna nawa, in ba ta faɗi ba an sauya ta. Sai wayar ƙasa, koriya mai ratsin ruwan ɗorawa, da rodin da ake kafawa, su ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. A Jos ko'ina ka haƙa dutse ne, sai mai aiki ya buga rodi ya ƙi shiga, ya waiga bai ga kowa ba, ya datse shi ya rufe da ƙasa. Tsaya a kansa ranar kafawa, a nemi wuri mai laima, a auna.

Mata da 'yan makaranta, hitar bokiti fa? A tsoma hannu a ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone, wannan ganganci ne. A zare fulogi tukuna. Bokitin ƙarfe kuma a bar shi.

Janareta ba tare da cenjoba ba (makunnin da ke raba gida da layin kamfani), wato a yi waya mai fulogi a kai biyu a cusa a soket, kisan kai ne da bai faru ba tukuna. Wutarka na fita ta bi layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ga ma'aikaci a kan fol ya sakankance an kashe layi. Shi kansa injin a waje ake ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, kuma sanyi ko tsoron ɓarawo ba hujjar shigar da shi baranda ba ce.

In ka ga kwai a wani ɗaki ya yi haske fiye da kima, na wani ɗakin ya dushe, kada ka tsaya kallo, kashe babbar bireka. Galibi wayar nutural ce, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta saki, kuma maimakon bolt 230 abin da ke shiga firij ɗinka zai iya doshi 400.

Sauran ƙanana ne amma kullum sai an yi. Cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana. Jona ketil da dutsen guga da hotfilet a ekstenshin ɗaya, alhali iyakarsa amfiya 13, wajen wat 3,000, ketil kaɗai kan ci 2,000. Murɗa wayoyi a naɗe da baƙin salatif a jefa cikin silin inda ɓera ke yawo. Sauya katawut daga layi zuwa layi da jiƙaƙƙen hannu don an kawo lokaran. Barin talabijin da dikoda a jone lokacin tsawar damina, wadda duk ɗan Jos ya san ƙarfinta. Watsa wa gobarar lantarki ruwa kafin a kashe wuta. Cafko wanda wuta ta riƙe da hannu, maimakon a kashe ko a ture shi da busasshen katako. Wanda kuma ya ce zai zagaye maka mita, laifi ne a doka, kuma haɗin ɓoye ba a ɗaure shi da kyau.

Kuɗin aiki ba na cikawa ranar da aka gama. Sai an kawo wuta mai ƙarfi, mu kunna hita da guga da firij da duk abin da gidan zai riƙa ɗauka, a bar su su jima, sannan in bi soket ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu, in taɓa murfin allon bireka. Inda na ji ɗumi, a buɗe a gabana. Sai ya danna maɓallin RCD na ga ta faɗi, ya rubuta a jikin kowace bireka ɗakin da take riƙe da shi, kana in ƙirga masa cikon kuɗinsa.