Yadda ake shan bitamin C ba tare da ciki ya ɗauki ɗawainiya ba

Wata uku na yi ina fama da taurin bayan gida, sai wata ƙawata ta ce ai masu rukunin jini O irina sai da bitamin C mai yawa cikinsu ke sakewa. Na sayi irin ƙwayar nan da ake jefawa a kofin ruwa ta yi ta kumfa, miligiram 1000 kowace ɗaya, ina shan uku a rana. A kwana na biyu cikina ya fara ƙugi, ya murɗe, gudawa ta biyo baya. Cikin ya sake kam, amma ba ta hanyar da nake nema ba.

Ku fara ajiye maganar rukunin jini gefe. Rukunin A, B da O da Karl Landsteiner ya gano a 1901 amfaninsa na wajen ƙarin jini ne da kula da mai juna biyu. A 2013 masana sun tattara binciken da aka yi kan cin abinci bisa rukunin jini, ba su sami hujjar da ta goyi bayansa ba. Hanjinku bai san harafin jininku ba.

Sai ku duba adadin da ke jikin kwalin. Babban namiji miligiram 90 yake buƙata a rana, mace 75, mai shan sigari ya ƙara 35. Lemon zaƙi guda matsakaici ya kusan kai 70. Iyakar da aka sa wa manya 2000 ce, ni kuwa 3000 nake ɗurawa. Da zarar an wuce 1000, jiki ba ya iya tsotse ko rabi. Ragowar da ta tsaya a hanji ita ke janyo ruwa, shi ne zawon da wasu ke ɗauka waraka ce.

In za ku sha, ku ɗauki ƙaramin adadi, ku sha tare da abinci, kada ciki na wayam. In ya yi yawa ku raba shi safe da yamma. Da kun ji ƙugi ko murɗa, ku rage.

Mai tsakuwar ƙoda, ko ciwon ƙoda, ko wanda sinadarin ƙarfe ya yi wa yawa a jini, kada ya taɓa manyan ƙwayoyin nan sai da izinin likita.

Ni abin da ya gyara mini bayan gida daban ne: ruwa sosai, ganye da wake, hatsin da ba a cire masa dusa ba, tafiya a ƙafa, da daina matse bayan gida in ya zo. Ashe ma ƙwayar ƙarin jini da nake sha ce ke ɗaure ni, likita ta sauya mini yadda zan riƙa shanta. In kuwa kun ga jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ku je asibiti a ranar.