Yadda Malamin Makarantar Gwamnati Zai Ci Moriyar Zama Ɗan Ƙungiya a Najeriya

Malamai da yawa a makarantun firamare da sakandare na gwamnati ba su san ƙungiyarsu ba sai ta hanyar ɗan kuɗin da ake yanka a albashinsu kowane wata, ko kuma ranar da aka ce an shiga yajin aiki. Wannan asara ce babba, domin Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, wato NUT, wadda aka kafa a Legas a shekarar 1931 ƙarƙashin shugabancin Rabaran Israel Ransome-Kuti, tana da rassa tun daga matakin ƙasa har zuwa jiha da ƙaramar hukuma, kuma an tanade su ne domin malamin da ke cikin aji. Ma'aikatan da ba sa koyarwa, kamar akawu da masinja da mai gadi, su ma suna da ƙungiyoyinsu, daga ciki akwai NASU.

Abin da ya kamata malami ya fara sani shi ne matsayinsa a gaban doka. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta domin kare muradunsa, sannan gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 ya fayyace cewa shiga ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa ma'aikaci, ba a kuma muzguna masa don ya ƙi shiga. Saboda haka babu shugaban makaranta ko sakataren ilimi da ke da hurumin tsangwamar malami don ya halarci taron ƙungiyarsa.

Daga nan sai ya nemi takardar albashinsa ya duba ta layi bayan layi, ya tabbatar da nawa ake cirewa da sunan ƙungiya, nawa ne na fansho, nawa ne na haraji. Idan ba a raba takardar a makarantarsu, ya je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya nema. Bayan haka ya gabatar da kansa ga wakilin ƙungiya na makaranta ko sakataren reshe, ya tabbatar sunansa yana cikin rajista, ya kuma nemi kwafin tsarin mulkin ƙungiya, domin a nan ne aka rubuta yadda ake zaɓen shugabanni da yadda ake bin bahasin kuɗin da mambobi suke biya.

Inda nake ganin ya fi dacewa a tsaya sosai shi ne batun takardu. Ƙungiya ba ta iya kare mutum da baki kawai. Kowane malami ya tanadi fayil guda a gida, ya zuba takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatar da shi a aiki, da duk takardun ƙarin girma, da na canjin wurin aiki, da shaidar karatunsa, da shaidar rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa a 1993. A lokacin tantance ma'aikata za ka ga dattijon malami a tsaye cikin rana a ƙofar sakatariya, riƙe da ambulan da ya yage, yana neman takardar da aka ba shi shekaru ashirin da suka wuce, alhali rashinta kaɗai na iya sa a dakatar da albashinsa. A yi kwafin kowace takarda, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Idan matsala ta taso, misali an tsallake malami a ƙarin girma, ko an ba shi sabon mataki a takarda amma kuɗin bai bayyana a albashi ba, ya rubuta koke ta hannun shugaban makarantarsa zuwa ga hukumar da ta ɗauke shi aiki, ko SUBEB ce, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ko hukumar makarantun sakandare, ya sa kwanan wata, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sannan ya miƙa wani kwafin ga reshen ƙungiya. Idan takardar tuhuma aka ba shi, kada ya yi fushi ya ƙi amsawa, kada kuma ya amsa cikin gaggawa. Ya nuna wa jami'in ƙungiya tukuna, ya mayar da amsa a cikin wa'adin da aka ba shi. In abin ya gagara a sasanta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron shari'ar aiki, kuma zuwa gabanta tare da lauyan ƙungiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mutum ya ɗauki nauyin shari'a shi kaɗai.

Akwai haƙƙoƙin da ya wajaba a riƙa tambaya a kansu a taron reshe, domin aiwatar da su ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Akwai alawus na musamman na kashi 27.5 cikin ɗari na albashi da gwamnoni suka amince da shi bayan yajin aikin malamai na 2008. Akwai dokar 2022 da ta mayar da lokacin ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 yana aiki. Akwai kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, wanda malaman firamare sukan kasance na ƙarshe wajen ganinsa. Malami ya tambayi shugabannin reshensa kai tsaye ko jiharsu ta fara aiki da waɗannan, in ba ta fara ba, me ake ciki.

Game da yajin aiki, kada kowa ya daina zuwa makaranta saboda saƙon da ya gani a WhatsApp. A jira sanarwa a rubuce daga shugabancin ƙungiya. A kuma san cewa dokar sasanta rikicin ma'aikata ta ba gwamnati damar riƙe albashin kwanakin da ba a yi aiki ba, don haka yana da kyau mutum ya shiga asusun taimakon juna na malamai idan reshensu yana da shi, bayan ya karanta sharuɗɗan ajiya da na rance ya kuma ga rahoton kuɗin shekarar da ta gabata.