Yadda unguwa za ta haɗa hannu da 'yan sanda don kai wa masu kwana a titi ɗauki

Wanda ya taɓa sammakon zuwa tasha a watan Disamba ko Janairu ya gan su: mutum ya shimfiɗa kwali a rumfar kasuwa ko ƙarƙashin gada, ya ƙudundune cikin buhu. Akwai ɗan gudun hijira, akwai ɗan ci-ranin da guzurinsa ya ƙare, akwai mai taɓin hankali, akwai yaron da ya gudo daga gida.

Da farko a je wa mai unguwa. Shi zai tara limami, shugaban 'yan sintiri, shugaban tasha da dattijuwa ɗaya ko biyu. Daga nan a nemi ganin DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankin, ta hannun PCRC, kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ke aiki tun 1984.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin. A yi magana ɓaro-ɓaro da DPO cewa wannan fita ba ta kame ba ce. Mutanen nan sun sha kora, wasu sun kwana a caji ofis ba su san laifinsu ba, da sun hango kaki sai gudu. Idan aka kama mutum ɗaya a daren farko, labari zai zaga tasha kafin asuba, kuma ba wanda zai ƙara tsayawa. Ɗan sanda biyu sun isa, su zo a ƙafa, ba jiniya, 'yan sintiri kuma su bar gora a gida.

Sai fita, bayan sallar isha'i. A yi sallama, a durƙusa, kada a dalle wa mutum fuska da tocila. “Baba, sannu da sanyi,” a miƙa shayi da bargo, sannan tambaya. Mace ce za ta yi wa mace magana. Hoto kuwa ban yarda da shi ba sam. Wanda ya rasa ɗaki bai rasa mutunci ba.

Washegari a zauna a tantance. Mai son komawa garinsu a haɗa masa kuɗin mota, a danƙa shi hannun direba. Mai taɓin hankali a kai shi asibiti, a Kano akwai na Dawanau. Yaro kuma sai an sa jami'an walwalar jama'a a ciki kafin a mayar da shi, don a san abin da ya koro shi.

Wanda ya ce ba ya zuwa ko'ina a ƙyale shi, a gaya masa ranar da za a dawo, a kuma dawo a ranar.