Yadda ake buga zane a riga da DTF, daga kwamfuta har jikin yadi

Tun ranar da na ɗora hoton rigunan yaran Poly masu gama karatu saƙo bai daina shigo min ba, kowa tambayarshi ɗaya, wai wane irin bugu ne wanga da kala ke fita tas a baƙar riga kuma ba ya ɓarewa. DTF ake ce mishi. A taƙaice zanen ba a jikin rigar ake buga shi kai tsaye ba, a kan wata leda ake bugawa wadda muke cewa fim, a barbaɗa mata garin gam, a gasa, sannan a manna a riga da zafi. Abin da ya sa muka koma mishi, bugun sikirin, wanda ake matsa fenti ta cikin allon raga, kowace kala sai ka haɗa mata allonta, riga 5 ba za su biya wahalar ba, shi kuma sublimeshan, wato bugun da tawada ke shiga cikin zaren yadi da zafi, sai farin yadin roba. Wanga kuwa auduga, roba, jesi, hula, jaka, baƙi ko fari duk yana kamawa, ko riga ɗaya ce a buga maka.

Kayan aiki: kwamfuta, firinta, fim ɗin PET, tawada kala 5 (shuɗi, ja, rawaya, baƙi da fari), garin gam da ake kira TPU, abin gasa fim, sai injin dannawa wato hit-fires. Masu ƙaramin ƙarfi Epson L1800 ko L805 suke samu a juya ta ta koma DTF, manyan shaguna kuma firintar fim na naɗi suke sawa, masu faɗin santimita 30 ko 60. Amma ni dai shawarata ga mai farawa a nan Birnin Kebbi, kada ka fara da sayen firinta. Sayi hit-fires mai kyau, ka tura zanenka Kano ko Legas a buga maka fim ɗin da mita a sako maka a mota, kai naka dannawa kawai. Dalili na nan tafe.

Farko zane. Ka ajiye shi a fayil ɗin hoto irin na PNG, bayanshi babu komai, dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto ke nan), kuma a daidai girman da zai fita a riga, gaban rigar babba wajen santimita 26 zuwa 28 a faɗi ya isa. Nan ne muke yawan samun saɓani da kwastoma, mutum zai turo hoto ta WhatsApp wanda an tura an sake turawa har ya dushe, ya ce a buga mishi shi ya fita garau. Ba zai yiwu ba Alhaji, abin da ka ba injin shi zai maido maka. Ka ce a turo shi a matsayin dokumen. Kuma dan Allah a duba rubutu sau biyu, musamman sunaye, in na Larabci ne na walimar sauka a kai wa malamin ya karanta kafin a buga, don akwai manhajar da ke rarraba haruffan ko ta juya su baya.

Daga nan sai ka shigar da shi manhajar RIP, mu AcroRIP muke amfani da ita. Ita ke juya zanen kamar a madubi, kuma ita ke gaya wa firinta inda za ta zuba fari. Kalolin ne ke fara sauka kan fim, farar tawada ta bi bayansu ta rufe, wannan farin shi ne sirrin da ya sa rawaya ke fita rawaya ko a baƙar riga. Ka ɗan rage bakin farin kaɗan a manhajar don kada ya leƙo ta gefen zane. Fim ɗin kuma fuska biyu gare shi, a kan mai dishi-dishi ake bugawa ba mai sheƙi ba, in ka juya shi tawadar tsiyaya za ta yi kamar ka zuba ruwa a faranti.

To ga dalilin da na ce kada a yi saurin sayen firinta. Farar tawadar nan tana da nauyi, akwai sinadarin titaniyom a cikinta, in ta zauna kwantawa take kamar kunun da aka bari a kofi. Kullum da safe sai ka girgiza tankin, ka buga gwajin layi ka gani ko duk ramukan kan firintar, wato inda tawada ke fitowa, suna fitarwa, ko kana da aiki ko ba ka da shi. Ka tafi Argungu biki kwana 3 ka bar ta a kashe, ka dawo ka tarar kan ya toshe, kuma kan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ga yanayinmu kuma, injin yana son danshin iska kamar kashi 40 zuwa 60, mu kuwa da hunturu iska a bushe take ƙayau ga ƙura, watan Maris da Afrilu zafi ya haura 40. Dole ɗaki a rufe, ka sa ɗan injin huro danshi, ka lulluɓe firinta in an tashi. In aikinka bai kai ka buga kullum ba wallahi wahala za ka saya.

Fim na fitowa tawada da sauran danshi sai garin gam. Ka shimfiɗa shi a tire ɓangaren fari na sama, ka barbaɗa gari, ka kama gefe biyu kana karkaɗawa gaba da baya har ko'ina ya samu, sannan ka ɗaga ka ɗan ƙwanƙwasa bayanshi da yatsa rarar ta zube. Kada ka yi ganda a nan. Duk ƙwayar garin da ta maƙale a inda babu zane za ta fito a baƙar riga kamar an watsa mata gishiri, kuma da hunturu fim ɗin na jan gari da kanshi saboda bushewar iska, sai ka ƙara ƙwanƙwasawa. Sa takunkumi.

Gasawa kuma, in kana da ƙaramin obin na DTF wajen digiri 120 na minti 2 zuwa 3 ake sa shi, in babu ka kwantar da fim ƙarƙashin hit-fires ka sauko da kan kusa ba tare da ya taɓa ba. Ido ne alƙali: garin zai tashi daga fari kamar sukari ya koma mai sheƙi da ɗan gurje-gurje irin bawon lemu. In har kana jin tsaki-tsaki a yatsa bai yi ba, in ya fara rawaya ka wuce. Hayaƙin ba na shaƙa ba ne, buɗe taga ko ka sa fanka mai ja waje.

Yanzu dannawa. Shimfiɗa riga ka fara danna ta ita kaɗai daƙiƙa 5 danshi da yamutsa su fita. Ɗora fim, gefen gam a jikin yadi, ka auna kamar yatsu 3 zuwa 4 daga wuya. Auduga digiri 150 zuwa 160, daƙiƙa 12 zuwa 15, matsi matsakaici mai ɗan ƙarfi. Yadin roba ka sauko wajen 135 ko 140. Wanga na koya da kuɗina, wata ƙungiyar ƙwallo ta unguwa ta kawo jajayen jesi 22, na danna su da zafin auduga, da yamma lambobi fari tas, washegari da safe duk sun koma ruwan hoda don rinin jesin ya hauro cikin farin. Ni na biya sababbi, kocin har yau in ya gan ni sai ya yi dariya. Tun daga nan ko riga nawa ce sai na gwada ɗaya tukuna. Kuma in a janareto kake ko wuta ta yi ƙasa kada ka yarda da lambar da injin ke nunawa, samu ɗan abin auna zafi ka duba kusurwa huɗu da tsakiya.

Ɓare fim ya danganta da irin wanda ka saya, akwai na ɓarewa da zafi akwai na sanyi, ka tambayi mai sayarwa. Na sanyi ka bari ya huce sarai, ka kama kusurwa ka ja a hankali a kwance, in ka ga harafi na biyo fim mayar ka sake dannawa. Bayan nan ka rufa takardar teflon, wadda ke jure zafi, ka ƙara danna daƙiƙa 5 zuwa 10, wannan ne ke sa zanen ya zauna cikin zare ya rage sheƙin leda, mutane da yawa suna tsallake shi don sauri sai wanki 3 gefe ya fara tashi.

In za ka miƙa kaya ka gaya wa mai shi da baki, ya bari sai bayan awa 24 kafin wanki, a juya rigar ciki waje, ruwan sanyi, ban da bilic, ban da burushi a kan zanen. Guga kuma ta baya. Ka ce ya faɗa wa mai wankinshi ma, don dutsen gawayi ɗaya in ya hau kan zanen shi ke nan, kuma kai za a dawo wa da rigar.