Yadda ake damƙa riƙon yara na ɗan lokaci idan larura ta taso

Idan aka kwantar da uwa asibiti ba shiri, ko hukuma ta tsare uba, ko tafiyar gaggawa ta kama, abin da yawancin iyaye suke yi shi ne su buga wa 'yar'uwa waya su ce "ga yara nan, amana". Komai yakan tafi daidai har ranar da likita zai nemi wanda zai sa hannu a yi wa yaro tiyata, ko dangin uba su iso da mota za su kwashe yaran. A nan maganar baki take kasawa, don haka sai an rubuta.

Da farko a zaɓi mai riƙo, a kuma zaɓi na biyu da zai maye gurbinsa idan ya gaza. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa suke bi, riƙon yaro na uwa ne, bayanta sai kaka ta wajen uwa, sai yayar uwa ko ƙanwarta, kafin a zo kan kaka ta wajen uba. Wanda ya tsallake wannan jeri ya kai yara gidan aminiya, ya tabbata kakar ta sani kuma ta yarda. Idan aure ya mutu, dole ɗaya mahaifin ya sani, domin walicci da ciyarwa suna nan a wuyan uba ko a gidan wa yaran suke kwana. Kada a rarraba yara gida uku, kuma kada a canza musu makaranta saboda larurar wata biyu.

Sai takarda, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Mutane sukan rubuta layi biyu: "Na ba wance riƙon 'ya'yana." Irin wannan ba ta hana rigima. Takardar kirki tana ɗauke da cikakken sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa kamar yadda yake a takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da sunan mai riƙo da adireshinsa da lambarsa ta NIN. A faɗi dalili a taƙaice. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. Wata uku ya isa, idan larurar ta zarce a sabunta. Takardar da ba ta da ranar ƙarewa ita ce ake ɗagawa daga baya a ce ai kyautar yaran aka yi.

Daga nan a jera abin da aka yarje wa mai riƙo ɗaya bayan ɗaya: kai yaro asibiti da sa hannu kan magani, ƙarin jini ko tiyatar gaggawa, ɗauko shi daga makaranta, karɓar sakamakon jarrabawa. A jera kuma abin da aka hana: fita da yara daga gari ba izini, tura yaro almajiranci ko talla ko aikatau, karɓar kuɗin auren yarinya, taɓa fili ko gadon yaran. Mutane suna jin nauyin rubuta wannan sashe wai kada a ce ba su yarda da ɗan'uwa ba, alhali shi ne yake kare mai riƙon kansa idan wani baffa ya zo da tasa shawarar.

Iyaye su sa hannu, mai riƙo ya sa, da shaidu biyu baligai, ɗaya daga dangin uwa ɗaya daga dangin uba. Idan da hali a je rajistarar babbar kotun jiha a mayar da ita takardar rantsuwa a gaban jami'in rantsarwa, da hoton fasfo. Kuɗin ba shi da yawa, masu tare mutane a bakin ƙofa ne suke ninka shi, don haka a shiga ofis kai tsaye a karɓi rasit. Wanda yake kan gadon asibiti ya sa hannu a gaban shaidun, a ɗauki bidiyo da waya yana karanta takardar, a sanar da mai unguwa.

A sani cewa takardar rantsuwa shaida ce ta yardar iyaye, ba hukuncin kotu ba ce. Idan mahaifan ba sa cikin hayyacinsu, ko ba a san inda suke ba, ko dangi sun fara jayayya, sai wanda yaran suke hannunsa ya je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, daga nan kotun shari'a ko kotun da ke sauraron lamuran iyali ta ba da umarnin riƙo.

A haɗa wa mai riƙo jaka ɗaya: kwafin takardun haihuwa, katin rigakafi, katin asibiti da na inshorar lafiya idan akwai, da sunan maganin da yaro yake sha da awonsa, musamman mai sikila, asma ko farfaɗiya. Na asali su zauna wurin wani daban. Kada a miƙa katin ATM da lambar sirri, a riƙa tura kuɗin wata ta banki, mai riƙo ya rubuta abin da ya kashe a ɗan littafi.

A kai kwafin takardar riƙon ɗaya-ɗaya ga shugaban makaranta da malamin Islamiyya. Ranar da aka karɓo yara, a rubuta a bayan takardar cewa riƙo ya ƙare, shaidun nan biyu su sake sa hannu, a je makaranta a janye kwafin da aka ajiye.