Yadda ake haɗa daskararren ruwan batirin tutiya

Batirin tutiya mai caji yana da ciwo biyu da ke kashe shi. Duk lokacin da aka yi caji, tutiyar ba ta komawa ta kwanta sumul a kan farantinta, sai ta riƙa tsirar da ƙayoyi, har wata rana ɗaya ta huda abin da ya raba farantan batirin biyu ta taɓo ɗaya ɓangaren. Ga iskar haidurojin da ke kumbura batirin. Daskarar da ruwan batirin, wato mayar da shi kamar jeli, yana rage duka biyun, kuma ba ya zuba.

Ka fara da sinadarin PVA (polyvinyl alcohol), wani gari mai narkewa a ruwan zafi. Zuba giram 10 na garinsa cikin mililita 90 na tataccen ruwa, ka ɗumama zuwa wajen digiri 90 kana juyawa. Abin yana son haƙuri: da fari za ka ga gudaji suna yawo, sai bayan awa ɗaya ko biyu ya koma garau, yana yauƙi. Bar shi ya huce, kumfar ta fita.

Sai ka shimfiɗa shi a faranti mai faɗi, kaurinsa kamar milimita ɗaya, ka sa a firiza ya kwana. Ka fito da shi ya narke, ka mayar. Sau uku. Wannan daskarewa da narkewa ita ke sa zaren sinadarin su sarƙe, ya zama kamar fata mai talewa ba ta yage ba.

Yanzu ruwan gishirin. Narkar da giram 57.5 na zink salfet, wato gishirin tutiya, irin mai ƙanƙara-ƙanƙara da ake kira heptahydrate, ka cika da ruwa har ya kai mililita 100. In ɗaya ɓangaren batirin manganis dayoksaid ne, ƙara giram 1.7 na manganis salfet don ya rage narkewarsa. Tsoma fatar a ciki kwana guda.

A nan ne masu gaggawa ke asara. Kada ka zuba gishirin cikin PVA tun yana ruwa don ka rage aiki. Salfet yana janye masa ruwa, nan take ya cure ya zama farin dunƙule marar amfani. Ko wajen tsomawar ma zai ɗan tsuke, don haka sai bayan ya jiƙu za ka yanka shi daidai farantin.

Goge ruwan samansa, ka sa shi tsakanin farantan biyu, ka matse ba tare da barin iska a tsakani ba, sannan ka rufe ruf don kada ya bushe. Cajin kada ya wuce bolt 1.8. Sa safar hannu da tabarau tun farkon aiki, gishirin nan yana yi wa ido illa.