Yadda Ake Nutso Daga Bakin Gaɓa a Dahab, Ba Tare da Jirgi Ba

Dahab ƙaramin gari ne a kudancin Sina'i ta ƙasar Masar, a bakin mashigin Aƙaba na Bahar Maliya. Masu nutso da tukunyar iska suna son sa ne saboda tudun murjani ya matso har gaɓa. Ba sai ka biya kuɗin jirgin ruwa ba: a-kori-kura za ta sauke ka da kayanka, ka taka da ƙafarka ka shiga. Arha kam akwai ta. Sai dai yawancin sababbin da na ga sun sha wuya, a ruwan da bai wuce ƙugunsu ba suka sha ta, tun kafin su ga kifi ko ɗaya.

Na ɗauka kana da takardar shaidar matakin farko, wadda ta ba ka izinin sauka har mita 18, kuma ka iya haɗa kayanka. Idan ba ka da ita, fara da makaranta tukuna.

Na farko, zaɓi wuri. Ka fara da Lighthouse, a cikin gari, inda mashigar take da sauƙi kuma tudun ƙasa ya tare mata iska. Kada ɗoki ya kai ka Blue Hole, wani wawakeken rami a cikin tudun murjani, ranar farko. Zurfinsa ya kai kimanin mita 100, kuma wata ƙofar dutse da ke cikinsa a wajen mita 55 ta ci rayuka da yawa. Allunan tunawa da mamatan suna nan manne a jikin dutse a bakin wurin. Eel Garden ma ka jinkirta shi, domin sai ka ratsa doguwar shimfiɗar murjani kafin ka kai zurfi, kuma ba ya shiguwa sai teku ta cika, iska ta kwanta.

Na biyu, tsaya ka kalli ruwan kafin ka taɓa kaya. A Dahab iska daga arewa take busowa kusan duk shekara. Dubi inda raƙuman ruwa ke fashewa, dubi ta inda waɗanda suka riga ka suke shiga da fita, ka tambayi jagoranka ko teku na cikowa ne ko tana janyewa. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, zauna ka sha shayi. Kuɗin hayar tukunya bai kai ƙafarka ba.

Na uku, dalma, wato nauyin da ake ɗaurawa a jiki domin a iya nutsewa. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan kashi 4 cikin 100, ya fi na sauran manyan tekuna, don haka ruwan yana ɗaga mutum. Wanda ya koyi nutso a kwamin wanka zai buƙaci ƙarin nauyi. Gwada a ruwa marar zurfi, kada ka yi kintace.

Yanzu ga inda aikin yake, wato shiga. Tukunya mai lita 12 a cike, da dalma, da sauran tarkace, sun kai kilo 25 ko fiye a bayanka, kuma da su za ka taka duwatsu masu santsi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sanya fiffiken ƙafa tun daga tudu. Za ka ga mutum yana tafiya kamar agwagwa, bakin fiffike ya maƙale a dutse, raƙumin ruwa ɗaya ya kayar da shi, tukunya ta danne shi, tabarau ya tafi. Riƙe fiffikenka a hannu, ka rataya madaurinsu a wuyan hannunka. A ƙafarka kuwa takalmin ruwa mai kaurin tafi, ba sirara irin na safa ba. Wannan a wurina doka ce. Tsakanin duwatsun akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe da ke karyewa cikin nama, akwai kuma kifin dutse mai mugun dafi wanda ido ba ya bambanta shi da dutsen da yake kwance a kai. Idan kuɗinka na sayen abu ɗaya ne kawai, sayi takalmi, ka yi hayar saura.

Kafin ƙafarka ta taɓa ruwa: tukunya a buɗe, ka shaƙi iska sau biyu-uku kana kallon agogon iska ka ga allura ba ta motsa ba, tabarau a fuska, abin shaƙa a baki, rigar iska ka hura ta rabi. Da haka ko ka faɗi kana numfashi, kana gani, kuma ba za ka nutse ba. Na sha ganin masu shiga da tabarau a goshi, abin shaƙa yana lilo a baya, suna hira. Su ne ke kurɓar ruwan gishiri, tari ya sarƙe su, tsoro ya shige su, nutson ranar ya lalace.

Yi tafiya a karkace, kafaɗarka na fuskantar raƙuman ruwa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, taku gajere. Kada ka ɗaga ƙafa ɗaya sai ɗayar ta zauna. In raƙumi ya taso, tsaya cak ka jingina gare shi har ya wuce, sannan ka ci gaba. Bi mashigar da kowa ke bi, kada ka yanke ta kan murjani mai rai. Abin da takunka ɗaya ya karya sai ya shekara da shekaru bai dawo ba. Sai ruwa ya kai ƙirjinka, ya ɗauke maka nauyin kaya, sannan ka dafa kafaɗar abokin nutsonka, ka ɗora ƙafa ɗaya kan gwiwar ɗayar ka sa fiffike. Ka gama, shi ma ya dafa ka. In kuwa ka faɗi, kada ka yi kokawar miƙewa. Ƙara wa rigarka iska, ka rarrafa gaba zuwa inda ruwa zai ɗauke ka.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: kafin ka nutse, juya ka kalli gaɓa. Kama alama, ko rumfa ko bishiyar dabino, ka duba kamfas. Da ka sauka ma ka lura da wani dutse ko murjani a bakin mashigar, da zurfin da yake. A nutson jirgi, jirgi ne ke zuwa ya ɗauke ka. A nan ƙofar da ka shigo ta ita za ka nemo da kanka, in ka wuce ta sai ka tarar da bangon murjani da raƙuman ruwa na dukansa.

Sauran ka san shi. Daidaita kunnuwanka tun daga mita na farko. Fara tafiya kana fuskantar kwararar ruwa, domin ta turo ka gida lokacin da ka gaji. Da allurar agogon iska a kan 200 ka shiga. Allura na kaiwa wajen 100 ka juyo, ka kuma fito da 50 a ajiye. Dawo ta saman gangaren, inda haske da ƙananan kifaye ruwan lemo suka fi yawa, ka yi tsayuwar minti 3 a mita 5 kusa da mashigarka. Kada ka taɓa komai, musamman murjanin wuta mai ƙona fata.

Fita kuwa juyin shiga ce: hura riga, cire fiffike a ruwan ƙirji, abin shaƙa na baki har sai ka taka busasshiyar ƙasa. Ƙafafu sun yi sanyi a lokacin, nauyi kuma zai dawo maka gaba ɗaya, don haka a hankali.

Sha ruwa sosai, ka wanke kaya da ruwan daɗi. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 18 idan ka yi nutso fiye da ɗaya. Haka ma ziyarar Dutsen Ɗuri Sina da ake shirya wa baƙi daga Dahab cikin dare: tsayinsa mita 2,285 ne, kuma hawansa da iskar naitirojin da nutso ke barin ta a jini haɗarinsa ɗaya da na hawa jirgin sama. Ka je ziyarar kafin ka fara nutso, ko ka bar kwana guda cur tsakani.